Yadda ake tafiyar da shirin bayanan jinya na kwamfuta a rukunin asibitoci

Ƙarfe biyu na dare, a ɗakin kwanciyar maza mai gado talatin, nas biyu ne kan aiki. Ɗaya tana canza ledar ƙarin ruwa, ɗayar tana neman sakamakon gwajin jinin wani dattijo da numfashinsa ya fara sauri. A irin wannan sa'a ake gane ko manhajar da hukumar asibitoci ta kashe kuɗi ta saka tana da amfani. Idan nas ta taɓa allo sau biyu ta ga sakamakon, ta ga awon bugun zuciyarsa na sa'o'i goma sha biyu da suka wuce, ta san maganin da aka ba shi da wanda ya rage, shirin ya yi aikinsa. Idan kuwa sai ta bar bakin gado ta je ofis ta jira kwamfuta ta buɗe, daga baya kuma ta sake kwafe komai a littafin rahoto, an ƙara mata kaya ne kawai.

Fannin da ke kula da wannan mahaɗa tsakanin aikin jinya da tsarin bayanai ya daɗe da kafuwa. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa a 1992, aka fara jarrabawar ƙwarewa a kansa a 1995. Wannan jagora an rubuta ta ne domin wanda aka damƙa wa irin wannan shiri a rukunin asibitoci da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya, misali hukumar kula da asibitocin jiha, ko asibitin koyarwa da rassansa.

Da farko, a san mai shirin

Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙa shirin ga sashen kwamfuta, a ce wa shugabar ma'aikatan jinya ta turo wakiliya zuwa taro. Injiniya ya san saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, da waya, amma bai san dalilin da ya sa ake auna fitsarin wanda aka yi wa tiyata duk sa'a ba. Shugaban shirin ya zama nas, mace ko namiji, wanda ya yi aƙalla shekara biyar a bakin gado, kuma a cire shi daga jadawalin aikin ɗaki gaba ɗaya. Wanda yake aikin dare sau uku a mako ba zai iya riƙe wannan aiki a matsayin ƙari ba. Ya riƙa kai rahoto kai tsaye ga daraktan aikin jinya na hukumar, kuma takardar naɗinsa ta faɗi ƙarara cewa ba a canza wani allo ko fom da nas ke cikawa sai da sa hannunsa.

A ƙarƙashinsa kowane asibiti ya samu jami'i ɗaya. Sai kwamiti ƙarami, mutum tara zuwa goma sha ɗaya: nas daga ɗakin yara, ɗakin haihuwa, tiyata da sashen gaggawa, likita ɗaya, mai harhaɗa magani, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, jami'in rakod, da injiniyan kwamfuta. Rabin masu jinyar da ke kwamitin su kasance waɗanda har yanzu suke aikin dare. Manyan metiron suna da faɗa a ji, amma da yawansu sun daɗe rabon da su raba magani da hannunsu. Kwamiti ya zauna duk mako biyu a shekarar farko, daga nan sau ɗaya a wata.

A bi nas da agogo kafin a sayi komai

Kafin a kira ɗan kwangila ya nuna manhajarsa, a ɗauki mako biyu ana bin ma'aikata a ɗakuna uku da aikinsu ya bambanta, a kuma bi su a aikin safe, na yamma da na dare. Mai bin ya riƙe takarda da agogo, ya rubuta abin da ya gani, ba abin da ƙa'ida ta ce a yi ba. Minti nawa kwantar da sabon majinyaci ke ɗauka? Sau nawa ake rubuta sunansa, kuma a littafi nawa? Ina takardar magani take kwana? Wa ke zuwa karɓo sakamakon gwaji, nas ko ɗan'uwan majinyaci? Minti nawa miƙa aiki ke ci?

Za a tarar da abubuwan da babu su a kowace takardar tsari. Nas tana rubuta awon jini da zafin jiki a guntuwar takarda a aljihunta, ko a bayan safar hannu, sai ta gama zagaye ta kwafe. Ana ba da magani bisa umarnin baki da likita ya bayar ta waya, rubutun ya biyo baya da safe. Waɗannan su ne ainihin aikin, kuma manhajar da ba ta yi musu wuri ba za a kewaye ta.

Abin da ya faru a asibitin yara na Pittsburgh a Amurka ya isa gargaɗi. An saka manhajar rubuta umarnin magani a 2002 cikin 'yan kwanaki. Binciken da aka buga a 2005 ya nuna mace-macen yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci ya tashi daga kashi 2.8 zuwa kashi 6.57 cikin ɗari. Daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo: a da ana shirya magani tun yaro yana hanya, amma sabon tsari ya hana rubuta umarni sai an yi masa rajista, an kwashe magungunan gaggawa daga ɗaki an mayar da su babban sashen magani, likita da nas kuma suka koma gaban allo maimakon bakin gado. A asibitocinmu tarkon da ya yi kama da wannan shi ne sharaɗin biyan kuɗi. Idan manhaja ta ƙi buɗe shafin majinyaci sai an nuna rasit, mace mai zubar jini bayan haihuwa za ta jira mai karɓar kuɗi. Tun a kwangila a rubuta cewa akwai hanyar gaggawa da ke buɗe shafi cikin minti ɗaya ba tare da biya ba, lissafi ya biyo baya.

A rage takardu, a daidaita kalmomi

A tattaro kowane fom da kowane littafin rajista da ake cikawa a duk asibitocin rukunin, a baje su a kan teburi ɗaya. Kan kowane gurbi a yi tambaya uku: wa ke karanta shi, wace shawara ake yankewa da shi, kuma akwai doka ko hukuma da ke neman sa? Gurbin da bai amsa ko ɗaya ba a cire shi. Wanda ya kwafe fom mai shafi shida ya zuba a allo ya ƙara wa nas wahala ne, domin biro ya fi yatsa sauri a kan fom mara tsari.

Abubuwan da za a fara da su ba su da yawa: tantance majinyaci lokacin kwantarwa, awon alamun rai, lissafin ruwan da ya shiga da wanda ya fita, takardar ba da magani, rahoton miƙa aiki, da takardar sallama. A ɗakin haihuwa a ƙara jadawalin bin naƙuda. Dukkan asibitocin rukunin su amince da fom iri ɗaya, ma'auni iri ɗaya: nauyi da kilo kaɗai, zafin jiki da ma'aunin Selsiyos kaɗai, lokaci da agogon sa'a 24. Sukarin jini yana bukatar kulawa ta musamman, domin wasu na'urori suna ba da shi da ma'auni ɗaya, wasu da wani, kuma bambancin ninki 18 ne. A zaɓi ɗaya, a sa manhaja ta ƙi karɓar lambar da ba ta yiwuwa a wannan ma'aunin.

Awon alamun rai shi ne inda kwamfuta ta fi takarda a fili. Tsarin NEWS2, wanda kwalejin likitoci ta Landan ta fitar a 2017, yana ba da maki a kan numfashi, iskar oksijin a jini, hawan jini, bugun zuciya, hankali da zafin jiki, da ƙarin maki idan an sa wa mutum oksijin. Maki 5 na nufin a kira likita da gaggawa, maki 7 na nufin a kira tawagar ceto. Manhaja tana haɗa makin nan take, ba kuskuren lissafi. Amma ba a yi shi don yara 'yan ƙasa da shekara 16 ko masu juna biyu ba, su suna da nasu ma'aunin. Kuma kafin a kunna shi a rubuta wanda za a kira da sunan muƙaminsa da lambar wayar ɗakinsa, da minti nawa aka ba shi ya iso. Jan launi a allo ba ya ceton kowa idan babu mai amsawa.

A nan ne kuma za a tabbatar manhajar tana fitar da alƙaluman wata-wata da ake turawa DHIS2, tsarin da Najeriya da Nijar suke tattara bayanan lafiya da shi. Idan ba ta yi, ma'aikata za su ci gaba da cika manyan littattafan rajista domin ƙidayar ƙarshen wata, rubutu biyu ya zauna daram.

Mutum ɗaya, lamba ɗaya

A ɗakin mata ɗaya ana iya samun Aisha Muhammad uku a rana guda, biyu daga cikinsu kuma ranar haihuwarsu 1 ga Janairu, domin ita ake sa wa wanda bai san tasa ba. Jariri ba shi da suna sai ranar bakwai. Tagwaye sunansu na kama da juna, uwarsu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya. Wanda katinsa ya ɓace kuma yakan yanki sabo maimakon ya bi layin rakod. Shi ya sa rukunin asibitoci ke bukatar lamba ɗaya da za ta bi mutum duk asibitin da ya je.

Ƙa'idar rajista ita ce a nema kafin a buɗe sabon shafi: da lambar waya, da suna haɗe da sunan unguwa, da lambar NIN idan akwai. A sa gurbin da ke nuna cewa shekarun ƙiyasi ne. Jariri a ba shi lambarsa tun a ɗakin haihuwa, a ɗaure ta da ta uwarsa, a rubuta "jaririn wance", tagwaye kuma a bambanta su da na ɗaya da na biyu bisa lokacin haihuwa. Wanda aka kawo a sume ba a san shi ba a ba shi lambar wucin gadi. Haɗe shafuka biyu na mutum ɗaya aikin jami'in rakod ne kaɗai, da shaidar mutum na biyu, domin haɗe shafukan mutane biyu daban bisa kuskure ya fi barin su a rabe haɗari. Kowane mai kwanciya a ɗaura masa abin hannu mai ɗauke da suna da lamba, kuma lambar gado ba shaida ba ce, gado ana canza shi.

Wuta, netwok da na'urori

A lissafa na'urori bisa aikin safe, lokacin da ma'aikata suka fi yawa: kowace nas da ke kan aiki ta samu kwamfutar hannu ko laftof a kan keken magani, likitoci su samu tasu daban, kowane ɗaki kuma ya ajiye ɗaya ta ko-ta-kwana. Idan na'ura ɗaya ce ake rabawa, lokacin zagayen likitoci nas ce za ta haƙura, ta koma guntuwar takardarta.

Saba ta zauna a cikin asibitin, ta riƙa aika kwafi zuwa cibiyar rukunin idan intanet ya samu. Tsarin da ya dogara kacokan da intanet zai tsaya duk ranar da aka yanke waya a kan titi. Saba, na'urorin netwok da wuraren caji su samu layin wutarsu daban a kan inbata da sola, kada a haɗa su da firij ko na'urar sanyaya ɗaki. Lissafin ba shi da wuya. Idan kayan suna jan wat 1,000, kuma ana so su kai sa'a 12 ba wutar NEPA ba janareto, ana bukatar kilowat-awa 12. Batirin litiyom mai kilowat-awa 5 ba a zuƙe shi duka, saboda haka uku ake bukata. Ɗakin saba ya kasance a rufe, da sanyi, a riƙa share ƙurarsa duk wata, duk mako kuma a lokacin hunturu. Zafin watan Afrilu yana rage kwanan batiri da na saba.

Kafin a karɓi aikin netwok daga ɗan kwangila, a ɗauki kwamfutar hannu a tsaya a bakin kowane gado, har na ƙuryar ɗaki da ɗakin keɓewa, a buɗe shafi a adana. Tsofaffin gine-ginen asibiti masu kaurin bango suna cinye sigina. Shafin da ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba, nas mai majinyata goma sha biyar ba za ta jira shi ba.

Magani: inda ake samun riba mafi girma da haɗari mafi girma

Tunanin duba bakod, wato zanen layukan shaida da na'ura ke karantawa, kafin ba da magani daga wata nas ya fito, Sue Kinnick, a asibitin tsofaffin sojoji da ke Topeka a Amurka, bayan ta ga yadda kamfanin hayar mota ke amfani da shi. Tsarin mai sauƙi ne: a duba abin hannun majinyaci da sikana, a duba maganin, manhaja ta tabbatar mutumin ne, maganin ne, adadin ne, hanyar ce, lokacin ne. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara yaɗa shi a asibitocin tsofaffin sojojin ƙasar.

Amma wani bincike na 2008 da Ross Koppel da abokan aikinsa suka yi ya gano hanyoyi 15 da ma'aikata ke kewaye tsarin, da dalilai 31 da ke sa su yin haka. Wasu sun buga kwafin bakod ɗin majinyata sun manna a jikin keken magani ko a bakin ƙofa, suna dubawa daga nan. Dalilan kuwa na gaske ne: abin hannun ya jiƙe ya goge, batirin sikana ya mutu, netwok bai kai gadon ba. Darasin ga mai tafiyar da shiri shi ne, duk inda ya ga ana kewaye tsari, ya fara neman abin da ya lalace kafin ya nemi mai laifi. Nas da aka ba takardar tuhuma saboda sikana ba ta aiki za ta koyi ɓoyewa ne kawai.

A wajenmu akwai ƙarin matsala. Sau da yawa ɗan'uwan majinyaci ne ke sayo magani a kemis ɗin bakin asibiti ya kawo a leda, an yanko ƙwayoyi daga katinsu, babu kwali babu bakod. Saboda haka a bi abin daki-daki. Matakin farko, takardar ba da magani ta koma allo, nas ta taɓa "an ba" ko "ba a ba ba" tare da dalili: babu maganin, majinyaci ya ƙi, yana tiyata, ba a sayo ba. Wannan kaɗai zai nuna wa hukuma yawan alluran da ke wucewa saboda rashin kuɗi ko rashin kaya. Mataki na biyu, duba abin hannu. Mataki na uku, sashen magani ya riƙa manna nasa bakod a kan abin da ya bayar da wanda aka sayo daga waje, a fara da masu haɗari: insulin, hefarin, fotasiyam na allura, magnesiyam salfet, magungunan kashe zafi masu ƙarfi, da jinin ƙari.

Sai batun gargaɗin da ke faɗowa a allo. A 2013, a wani asibitin koyarwa a San Francisco, an ba wani matashi ƙwaya 38 da rabi na maganin kashe ƙwayoyin cuta maimakon ɗaya. Likita ta rubuta 160 da nufin miligiram, allon kuwa yana kan miligiram a kowane kilo na nauyin jiki. Manhaja ta yi gargaɗi, likita da mai harhaɗa magani suka wuce shi, domin gargaɗi marasa amfani sun yi musu yawa har sun daina karantawa. Nas ta yi shakka, amma sikana ta nuna mata daidai ne, ta ba shi. Yaron ya yi farfaɗiya, Allah ya sa ya rayu. Abu uku za a ɗauka daga nan. Ma'aunin adadi ya fito da manyan haruffa kusa da lambar. Gargaɗi ya zama hawa-hawa: kaɗan ƙwarai masu tsayar da aiki cak, kamar adadin da ya ninka iyaka ko maganin da aka san jikin mutum ba ya karɓa, sauran su zama rubutu a gefe. Na uku, a koya wa kowace nas, a kuma rubuta a ƙa'ida, cewa idan adadi ya yi mata baƙo ta tsaya ta kira, ko da allo ya nuna kore. Duk wata uku kwamiti ya duba jerin gargaɗin. Wanda ake wucewa sau tara cikin goma, a gyara shi ko a kashe shi.

Horo

A fara da gwada hannun kowa a kan na'ura, ba tare da kunyata kowa ba. Akwai sista mai shekara ashirin da biyar a aiki da ta fi kowa sanin majinyaci amma ba ta saba da allon rubutu ba. Ita a ba ta sa'o'i huɗu na daban kafin horon manhaja. Horon kansa sa'a takwas zuwa goma sha biyu ne, a raba shi zama uku, mutum goma zuwa goma sha biyu a aji, kowa da na'urarsa, a kan manhajar gwaji mai majinyatan ƙirƙira. A koyar da aiki, ba maɓallai ba: ga yaro mai zazzaɓin cizon sauro da farfaɗiya, kwantar da shi, rubuta awonsa, ba shi allurar farko, miƙa shi ga mai karɓar aiki. Wanda bai kammala wannan da kansa ba, ba a buɗe masa shiga. Horon ya faɗo cikin mako biyu zuwa huɗu kafin farawa, wanda aka yi wata uku kafin lokaci an manta shi. A lissafa shi cikin lokacin aiki, kada a ci ranar hutun mutum.

Cikin kowace nas takwas zuwa goma a zaɓi ɗaya a ba ta horo mai zurfi, ta zama madogarar ɗakin, kuma a tabbatar kowane zangon aiki yana da irinta, har na dare. A horar da fiye da adadin da ake bukata, domin canjin wurin aiki da tafiya ƙasashen waje za su rage su kafin shekara ta zagayo. Ɗaliban jinya da sababbin ɗauka su samu horon a makonsu na farko.

Ranar farawa

A fara da asibiti ɗaya, ɗakuna biyu, a yi mako shida zuwa takwas, a gyara abin da ya fito, sannan a faɗaɗa. Kada a zaɓi watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara har ana kwantar da biyu a gado ɗaya, kada kuma a zaɓi azumi ko makon salla. Talata da safe ta fi Litinin, ta fi Juma'a. Daren da ya gabata a shigar da duk masu kwanciya da magungunansu, nas biyu su tabbatar da kowane shafi. Mako biyun farko a sauke wa madogaran ɗaki nauyin majinyata, a ƙara ma'aikata, a rage tiyatar da ba ta gaggawa ba, a buɗe lambar waya ɗaya da ake amsawa dare da rana. Kowace rana a yi zaman minti goma sha biyar a karanta ƙorafe-ƙorafe, a raba su uku: mai barazana ga rai a gyara yau, mai hana aiki cikin kwana uku, sauran a jera.

A sanya ranar janye takarda tun kafin a fara, kada ta wuce mako biyu, kuma ranar a kwashe tsofaffin fom daga ɗakin da hannu. Ɗakin da ke rubutu a wuri biyu yana da rabin labari a folda, rabi a allo, kuma a tsakaninsu ake maimaita allura ko a tsallake ta.

Idan tsarin ya tsaya

Zai tsaya. A watan Mayun 2017 manhajar fansa ta WannaCry, mai kulle kwamfuta har sai an biya kuɗi, ta shafi kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin Ingila, aka soke ganin likita kimanin 19,000. Kowane ɗaki ya ajiye akwati mai fom na kwana uku, abin hannu na rubutawa da biro, da takardar matakai mai shafi ɗaya. Kwamfuta ɗaya a kowane ɗaki, mai batirinta da firinta, ta riƙa karɓar kwafin takardar magani duk sa'a. Idan tsayawar ta kai minti 30, shugabar aikin wannan zangon ta sanar a koma takarda, kowa lokaci ɗaya. Bayan dawowa a fara shigar da magungunan da aka bayar, da sababbin kwanciya da sallama, da abin da jiki ba ya karɓa, da ainihin lokacin da abin ya faru. Sauran takardu a ɗauki hotonsu a liƙa a shafi. A yi atisayen wannan sau biyu a shekara, ɗaya da dare. Ajiyar bayanai kwafi uku ce, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen asibitin, kuma duk wata uku a gwada dawo da ita a wata na'ura a ga ta buɗe.

Sirrin majinyaci

A Najeriya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta riƙe sirrin majinyaci, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman, ta ba da sa'a 72 a sanar da hukumar kare bayanai idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane. A aikace, barazanar ta fi zuwa daga cikin gida: ma'aikaci ya buɗe shafin maƙwabciyarsa, ko na wanda ke neman auren ƙanwarsa, don ya ga sakamakon gwajin ƙanjamau. Kowa ya samu sunan shigarsa shi kaɗai. Kalmar sirri ɗaya ta ɗaki da aka manna a bango tana rushe duk wani bincike. Allo ya kulle kansa bayan minti uku, amma shiga ta zama mai sauri, da lamba gajera ko kati, in ba haka ba za a bar shi a buɗe. Duk wata a zaro shafuka ashirin, har da na ma'aikata da sanannun mutane, a duba wa ya buɗe su da dalilinsa. Ranar da aka yi wa mutum canji ko ya ajiye aiki, ranar ake rufe shigarsa. Ɗaukar hoton allo a tura ta WhatsApp a hana shi, amma a samar wa nas wata hanyar nuna wa likitan da ke gida sakamako, domin bukatar ta gaske ce.

Abin da za a riƙa aunawa, da kuɗin shekara-shekara

Alƙaluma kaɗan sun isa, muddin an ɗauke su tun kafin farawa don a samu abin kwatantawa: kason awon alamun rai da aka yi a kan lokaci, kason magungunan da lokaci ke da muhimmanci a kansu da aka bayar cikin minti 30 na lokacinsu, alluran da suka wuce da dalilansu, kason duba abin hannu, wanda ake so ya kai 95 cikin ɗari, yawan shafuka masu maimaici, sa'o'in da tsarin ya tsaya, da mintocin da nas ke ƙarawa bayan tashi don kammala rubutu. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi faɗin gaskiya. A manna sakamakon kowane ɗaki a ɗakin, ma'aikata su ga amfanin abin da suke shigarwa. A kuma lura da awon da aka shigar wa majinyata ashirin cikin minti biyar, ko lambobi iri ɗaya da ke maimaituwa zango bayan zango. Alama ce ta ƙarancin ma'aikata ko na'ura, a je ɗakin a gani.

Buƙatun canji za su yi ta zuwa, kowane sashe yana son a ƙara masa gurbi. A karɓe su ta fom ɗaya, kwamiti ya tace, a gwada a manhajar gwaji, a saki sau ɗaya a wata da sanarwa mai shafi ɗaya. Wanda ya nemi a ƙara gurbi na dole ya faɗi wanda za a cire.

A kasafin kuɗi a ware kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin kafawa duk shekara, domin lasisi, intanet, abin hannu da takardar firinta, canjin batiri, na'urorin da suka fashe, da horon sababbi. Manhajojin da lasisinsu kyauta ne, irin su OpenMRS da Bahmni, suna rage kuɗin lasisi amma suna bukatar injiniyoyin da za a riƙe da albashi. Ko wacce aka zaɓa, kwangilar ta ƙunshi abu huɗu a rubuce: bayanan mallakar hukumar ne, za a iya fitar da su duka a tsarin da wata manhaja za ta karanta, irin su HL7 FHIR, ba tare da ƙarin biya ba, ɗan kwangila zai amsa matsala mai tsanani cikin sa'a ɗaya, dare ko rana, kuma ba shi da ikon kulle tsarin saboda jinkirin biya alhali akwai majinyata a kwance. Kason ƙarshe na kuɗinsa a riƙe shi sai ɗakunan gwaji sun yi kwana 90 suna aiki ba takarda, shugaban shirin ya sa hannu.